Kada Ka Rufe Wa Injin Ƙofa, Magaji

Gumel, Laraba da hantsi

Zuwa ga ɗana Magaji,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina kuma yi maka addu'ar da nake yi maka tun kana zanin goyo: Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kai ka inda za ka lafiya, Ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Ummanka ma tana gaishe ka, ko da yake ta ce ita ba ta ga dalilin rubuta wa mutum wasiƙa alhali anjima kwano ɗaya za a ci tuwo da shi ba.

Ina da dalili. Ƙirjina ba ya barina in yi doguwar magana yanzu. In na kama zance, kafin in kai inda nake son zuwa tari ya tare ni, ka tashi ka miƙo mini ruwa, maganar ta bi ruwan. Sannan na san halinka. In na yi magana sai ka sunkuyar da kai ka ce, "To, Baba," ka tashi ka aikata abin da ka riga ka ƙudura. Ban ga laifinka ba, a wurina ka gada. Takarda kuwa za ta zauna a aljihunka, ko ka ce mata to ko ba ka ce ba.

Ranar Asabar za ka koma Maigatari da injin wankin kafet, ka fara cin gashin kanka. Na san ba nisa. Ummanka ta ce ko fura aka dama a nan za ta isa can ba ta yi tsami ba. Amma shekara goma sha ɗaya ke nan injin nan bai taɓa tashi ba sai kunnena na kusa da shi, yanzu kuwa na gaji, hannuna ba ya iya jan sandar wanki daga bango zuwa bango. Naka ne, halak malak.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne yadda ka shirya bas ɗin da ka sayo. Ka cire injin daga tsohuwar motata ka dasa shi a cikinta, ka lulluɓe cikin da soso, ka bi da falanki, ka toshe tagogin gefe, ka yi mata farin fenti mai ɗaukar ido. Shekaranjiya ka kira ni, ka tada injin, ka rufe ƙofofin duka, ka ce, "Baba, saurara. Kamar firji." Na saurara, kuma gaskiyarka ne, da ƙyar ake jinsa. Na dubi fuskarka na ga murna, sai na ce, "Madalla," na shige gida. Wannan madallar ita ce kuskurena na baya-bayan nan, ita ta sa na ɗauki biro. Injin nan in aka rufe shi yana kashe kansa, yana kashe mai shi. Zan zo kan wannan. Bari in fara da ƙananan, don ka san mai yi maka maganar ba gwani ba ne. Mutum ne da ya yi shekara talatin yana koya wa 'ya'yan mutane aikin injina a aji, ya yi ritaya ya fito titi, titi ya mayar da shi ɗan aji ɗaya.

Da na sayo injin a Kano, na hannu ne, ya riga ya sha wahalarsa a wata ƙasa kafin ya zo mana. Shi injin na ɗaure shi yadda ya kamata, noti huɗu har ƙarfen ƙasa. Tankin ruwa ne na raina. Na ce ai roba ce, na ɗaure shi da igiya da tsohuwar robar taya. Wata safiya na cika shi maƙil na kama hanyar Gagarawa, za ni wanke kafet ɗin wani ɗakin taro. Ina cikin tafiya garken tumaki ya faɗo titi. Na taka birki, motar ta tsaya, ruwan bai tsaya ba. Igiyar ta tsinke kamar zare, tankin ya taho ya daki bayan kujerata, ni kuma na daki sitiyari. Mai tumakin, wani dattijon Bafillatani, ya leƙo ta taga ya ga ruwa na kwarara ta ƙarƙashin ƙofa, ya ce, "Sannu, Malam. Rijiya ka ɗauko za ka kai wa wani?" Na yi dariya haƙarƙarina na ciwo. Ni ne fa nake rubuta wa ɗalibai a allo kowace shekara cewa abu mai nauyi in ya kama tafiya ba ya son tsayawa.

Na duba naka tankin. Da ƙarfe ka ɗaure shi, na yaba maka. Amma notin a falankin daɓe suka tsaya, ba su kai ga ƙarfen motar ba. Ka huda har ƙasa, ka sa farantin ƙarfe ta ƙarƙashi, ka ɗaure daga can. Tankin ya zauna a tsakiya bisa tayoyin baya, ba a gefe ɗaya ba, in ba haka ba nan da wata shida za ka ga motarka tana tafiya a karkace kamar jakin da aka yi wa mangala ɗaya. In za ka hau titi, ko ka cika shi ko ka juye shi. Rabin tanki ya fi cikakke mugunta, don ruwan kai da komo yake yi, a kwana sai ya ja motar inda ba ka nufa ba. Ka san hanyar Maigatari ranar Alhamis, ranar kasuwa, manyan motocin shanu ga su nan, masu babur na ɓullowa ta ko'ina. Duk safiyar Asabar ka sa sifana ka bi notin nan ɗaya bayan ɗaya, gargadar hanya tana kwance su a hankali ba ka sani ba.

Sai ruwa. Shekarata ta biyu na samu ayyuka da yawa wajen Sule Tankarkar, gidajen ma'aikata da wasu masallatai. Don kada in riƙa ɗaukar nauyi tun daga Gumel, sai in tafi da tanki wayam, in na isa in sa a ɗebo mini daga rijiya ko burtsatse mafi kusa. Ruwan garau yake a ido, har sha nake yi. Bayan 'yan watanni ƙarfin feshin ya fara raguwa, ruwan ya daina zafi sosai. Na canja fulogi, na canja baƙin mai, na zagi wanda ya sayar mini da injin a zuciyata, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Da na gaji na kwance naɗaɗɗen bututun nan da zafin salansa ke dumama ruwa a cikinsa, sai na tarar ya toshe da farin gishiri, irin wanda ke kama gindin butar shayi. Famfon kuma yashi ya cinye robobinsa. Kwana uku ina jiƙa bututun a ruwan tsamiya, har Ummanka ta rasa tsamiyar kununta ta ce, "Malam, wai injin ne ke azumi ko mu?"

Don haka kada ruwa ya shiga tankinka sai ta rariya, kuma rariyar ka wanke ta kullum ka tashi daga aiki, ba sai ta cika ba. In na rijiya ne, a zuba a duro ya kwanta tukuna, ka ɗebi na sama. Duk wata ka zagaya maganin cire gishiri a cikin bututun, ko da kana ganin lafiyarsa ƙalau. Ban san ruwan unguwar da za ka zauna a Maigatari ba. Ka leƙa butar shayin maƙwabcinka, za ta gaya maka.

Fetur ma haka. A bakin iyaka masu jarka sun fi gidajen mai yawa, akwai na kirki a cikinsu, akwai wanda ruwa da datti suka shiga jarkarsa shi kansa bai sani ba. Sau biyu ina wanke kafireto a ƙofar gidan mutane, mai gida na tsaye a kaina. Ka samu mutum ɗaya ka tsaya a kansa, kuma ka tace. Ruwan dauɗar da injin ya zuƙo kuwa, kada ka juye shi inda ka ga dama. Na taɓa buɗe shi a bayan wani gida a Gagarawa, ashe kwatar lambun wata tsohuwa take bi. Sabulun ya ƙone mata yakuwa da alayyahu. Na je na ba ta haƙuri, ta ce ta yafe, amma har ta rasu in muka haɗu ba ta amsa mini gaisuwa da suna.

Wanda ya fi ci mini rai a shekarun farko shi ne na masallacin Juma'a. Ba zan faɗi garin ba, kana da abokai a can. Kwamitin masallacin suka kira ni ranar Alhamis, suna so mutane su zo Juma'a su tarar da shimfiɗa tas. Na ji daɗi, na ce yau za a san Malam Lawan ya shigo gari. Don in yi sauri, sai na fesa ruwan sabulu a masallacin gaba ɗaya, tun daga sahun farko har ƙofa, da nufin in dawo in bi ina zuƙewa. Na gama sahu biyu, sai na ji fat! Bel ɗin da ke juya injin zuƙa ya tsinke. Ba ni da wani. Mako biyu ke nan bel ɗin yana yi mini kuka in na tada injin, ni kuma ina cewa bari in gama wannan aikin tukuna.

Na hau babur na dawo Gumel, na zaga masu kayan gyara kaf, babu irinsa. Na aika Kano, aka ce sai Asabar. Na koma na tarar da ladan, wani siririn dattijo mai barkwanci, yana tsaye a bakin ƙofa ya naɗe ƙafar wandonsa. Ya ce, "Malam Lawan, mu wanki muka ce. Kai kuma ka jiƙa mana kamar geron da za a kai markaɗe."

Na ce, "Malam Ladan, tsautsayi ne."

Ya ce, "Haka ne. To shi tsautsayin zai ja mana sallar gobe, ko kai?"

Da la'asar samarin gari suka taru aka kinkimo kafet ɗin waje, kowanne da nauyinsa kamar gawar raƙumi, aka baza a rana. Bai bushe ba. Washegari gida-gida aka bi ana aron tabarmi, aka yi Juma'a a kan siminti da tabarmi, wasu a kan rawunansu. Na tsaya a sahun ƙarshe. Da aka idar na je na durƙusa gaban liman, ina jira ya yi mini faɗa in samu sauƙi. Bai yi ba. Ya ce, "Allah Ya kiyaye gaba," ya juya wajen wani. Shekara huɗu ba a sake kirana garin ba.

Ka riƙe wannan. Kada ka jiƙa abin da ba ka da tabbacin za ka zuƙe. Sahu ɗaya za ka fesa, ka zuƙe, ka matsa na gaba, ta yadda in injin ya tsaya a tsakiya, abin da ka ɓata bai wuce inda mutum goma za su tsaya ba. Masallaci ba ofis ba ne da za a kulle a ce a dawo Litinin, sau biyar ake buƙatarsa a yini. Ka fara da hantsi don ya sha iska kafin azahar, kuma kada ka karɓi aikin masallacin Juma'a ranar Alhamis ko sarkin garin ne ya aiko. Ka rataye bel biyu a cikin motar, da fulogi, da robobin famfo, da filtar mai. Ranar da ka sa ɗaya, ranar za ka aika a sayo madadinsa. Mutane za su tambaye ka ko injin nan abin dogaro ne. Ni abin da na gani, bai taɓa tsayawa bai yi mini gargaɗi ba tukuna. Ni ne ba na saurara.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na zauna. Ban taɓa gaya wa kowa a gidan nan ba.

Shekara shida ke nan, da bazara, kana makaranta a Kano. Wani Alhaji a nan cikin gari ya kira ni in wanke masa babban falonsa, zai yi baƙi daga Damagaram washegari. Na ajiye mota a ƙofar gida, na ja tiyo zuwa falo, na tada injin. Ban lura ba ashe an yi rasuwa a gidan da ke kallonsa, maza na zaune a kan tabarmi ƙarƙashin darbejiya suna karɓar gaisuwa. Ban fi minti goma ba sai ga wani tsoho ya tsallako da sandarsa. Ya yi sallama, ya ce, "Malam, Allah Ya ba ka haƙuri. Mutane na addu'a, ba a jin amin."

Magaji, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya kamata in yi a fili yake: in kashe injin, in tsallaka in yi ta'aziyya, in gaya wa Alhaji sai bayan kwana uku. Amma na riga na ce masa zan gama yau. Ina jin kunyar masu makoki, ina jin kunyar mai gida, sai na nemi dabarar da ba zan ɓata wa kowa ba. Gidan yana da gareji, da wata ƙofa daga garejin zuwa falon. Na shigar da motar ciki da baya, na tura ƙofofinta, na sauke ƙyauren garejin har ƙasa, na bar ƙofar falon a buɗe don tiyo ya wuce. Ƙara ta ragu. Na leƙa ta taga na ga tsohon ya ɗaga mini hannu yana godiya. Har daɗi na ji, na ce ilimi ya yi rana.

Na ci gaba da aiki. Can kaina ya fara sarawa, na ce zafin rana ne. Zuciyata ta fara tashi, na ce ƙosan da na ci ne. Sandar wankin ta yi mini nauyi, ƙafafuna suka zama kamar ba nawa ba. Ban ji wani warin da ya tsorata ni ba, hancina ya riga ya saba da hayaƙin injin. Na ce bari in ɗan zauna a hannun kujera in huta.

Abin da na sani bayan wannan, ina kwance a kan tabarmar masu makoki, ana yayyafa mini ruwa, fuskoki sun kewaye ni. Madam Rifkatu ce ta cece ni, bayan Allah. Ka san ta, ma'aikaciyar jinyar nan 'yar Filato da ta daɗe a garin nan, wadda take kawo mana shinkafa da Kirsimeti. Ta shiga cikin gida ta yi wa mata gaisuwa, tana fitowa ta ga hayaƙi na silalowa ta ƙarƙashin ƙyauren garejin, ta ji injin na shaƙewa a ciki. Aka ce ihu ta yi wa mazan da ke zaune, "Ku ɗaga ƙofar nan! Akwai mutum! Ku riƙe numfashi, ku jawo shi waje, kada wanda ya tsaya ciki!" Ita ta sa aka kai ni asibiti a bayan wata akori-kura.

Da na dawo hayyacina ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu. Ta ce, "Malam, da yau tabarma biyu za a shimfiɗa a layin nan."

Na ce, "Madam, nauyin mutane na ji."

Ta ce, "Nauyi? Ai sun ji naka, su huɗu suka ɗauko ka. Kai da kake koyar da yara!"

Na roƙe ta kada ta gaya wa Ummanka, ta yi tsaki ta ce ba ruwanta, amma ta riƙe mini. A gida na ce jiri ne ya ɗebe ni saboda zafi. Injin kuwa ya ƙone gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kansa da jikinsa, wayoyinsa suka narke. Ka tuna hutun da ka dawo ka tarar da shi a kwance, na ce maka jabun baƙin mai aka sayar mini? Ƙarya na yi maka. Kuma ka sani, akwai ƙofa ta uku a falon nan mai shiga wajen iyalin Alhaji. A rufe take ranar. Ba ni na rufe ta ba, ban ma tuna da ita ba. Har yau in na tuna akwai yara a bayanta sai in ajiye abin da ke hannuna.

Da a ce na ɗauki darasi daga ranar, da na ce maka gani ga wane ya ishi wane. Ban ɗauka duka ba. Ban sake shiga gareji ba, amma duk sanda wani babba ya ɗaure fuska, ko aka fara karatu a zauren kusa, sai hannuna ya kai ga ƙofar motar in turo ta rabi. In tsaya a bayanta ina daidaita ƙarfin ruwa, ina shaƙar abin da ya taru a ciki. Shekara da shekaru haka. Ban ce tarin nan duka daga nan yake ba, Allah ne masani. Amma da likita ya tambaye ni sana'ata na gaya masa, ajiye biro ya yi ya daɗe yana kallona.

Na san abin da ya sa ka sa soson nan. Tun kana ɗan sakandare kake ganina ina bin mutane da ban-haƙuri saboda ƙara, ka ji ana ce mana masu injin niƙa. So kake ka shiga Maigatari da mutunci, ka yi aiki a masaukin baƙi da ofisoshi ba wanda ya toshe kunne. Niyyarka mai kyau ce, irin tawa ce ta ranar. Shi ya sa nake tsoronta.

Injin fetur numfashi yake yi kamar ni da kai. Yana son iska mai sanyi ta shiga, mai zafi ta fita. A cikin akwatin da ka yi masa, a zafin Maigatari, ba zai yi awa biyu ba zai dafa kansa, soson da ke kusa da salansa kuma jiran wuta kawai yake. Ka cire soson da ke kewaye da injin gaba ɗaya. A yanka wa motar taga biyu a jiki, ɗaya ƙasa-ƙasa a gefen dama inda iska za ta shiga, ɗaya sama a gefen hagu inda za ta fita, a sa musu raga. Salansar injin a huda daɓe a fitar da ita waje, kada ta yi numfashi a cikin mota ko na minti ɗaya. Duk da haka, in injin na aiki ƙofar baya da ta gefe a buɗe suke, har bango. Ba gareji, ba zaure, ba ƙarƙashin rumfa, ba lungu tsakanin katanga biyu. Kafin ka tada shi ka ɗebi ƙasa ka saki ka ga inda iska ta nufa, ka juya salansar ta bi can, nesa da tagogin mutane. In ƙara ta dami wani, ka matsar da motar ka ƙara tsawon tiyo. Zuƙar za ta ɗan ragu, sai ka bi wurin sau biyu. In kanka ya sara kana cikin aiki, kada ka tsaya neman dalili, ka fita waje ka kashe injin, ka fitar da duk wanda ke ɗakin.

Ranar da dattijo zai tsallako da sandarsa kuwa tana nan zuwa, Maigatari ma ana mutuwa ana karatu. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "To, Baba," wannan karon da gaske, ka kashe injin. Sannan ka je ka kalli idon mai gida ka ce masa yau ba zai yiwu ba. Zai ɓata rai, wataƙila ya kira wani. Wannan ne abin da ni na kasa, shekara sittin da ɗoriya ban iya ce wa babba a'a ba. Ban koya maka shi ba don ba ni da shi. Sai dai ka koya wa kanka.

Na ajiye biro a nan na je sallar azahar. Da na dawo na ga bai dace ka san maganar garejin nan kafin Ummanka ba, sai na shiga na same ta tana tsince shinkafa, na gaya mata duka. Ta ture faifan shinkafar gefe. Can ta ce, "Rifkatu ta sani, ni ban sani ba?" Na ce e. Ta ce, "Shekara shida ina dafa maka citta da kanumfari ina cewa sanyi ne." Sai ta tambaye ni, cikin makullan da ka rataye a zaure wanne ne na injin. Na nuna mata.

Ga inda muke. Da safe, da ka tafi sayen tiyo, na zaga motarka da shuɗin alli. Za ka ga murabba'i biyu a jikinta da da'ira ɗaya a daɓe, na auna su da kyau. Ban taɓa fentinka da ƙarfe ba, motarka ce, jiƙaƙƙen tsumma zai goge abin da na zana. Na yi wa Ado mai walda magana, ya ce in ka kai ta gobe da sassafe zai gama kafin la'asar, kuma zai bi layin a hankali yadda ba zai ɓata maka sauran fentin da ke jiki ba. Ni iyakacin abin da zan iya ke nan, roƙo. Makullin injin kuwa yana ƙulle a haɓar zanin Ummanka. Ta ce in gaya maka za ta kwance shi ranar da ta zura hannunta ta gefen motar nan ta ji iska ta taɓa shi, in Asabar ce to, in bayan Sallah ne to. Ka fi ni sanin ko ana canja mata magana.

Allah Ya yi maka albarka, Magaji. Ya sa ka fi ni a sana'ar nan, Ya ba ka ƙarfin halin da ban samu ba. Allah Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da wuta da hayaƙi, Ya tsare mutanen da za ka shiga gidajensu, Ya haɗa ka da maƙwabta na gari masu ido a kanka. Ya kai ka lafiya, Ya sa duk Juma'ar da ka zo gaishe mu in ji sallamarka tun daga zaure da cikakkiyar murya. Ka yafe mini ƙaryar da na yi maka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Malam Lawan